Cutar ƙuna: yadda ƙwayar bakteriya ke cinye gonar fiyar Turai tun daga fure

Manomin fiya a kwarin Wenatchee na jihar Washington ta Amurka, ko a yankin Miknas na Maroko, yana iya shiga gonarsa a watan Mayu ya tarar rassan da ya bari kore shar a makon jiya sun yi baƙi ƙirin. Ganyen bai zube ba, yana nan maƙale a reshe, a bushe, kamar an bi ta ƙarƙashinsa da wuta. Kan sabon tofo ya lanƙwashe ya kalli ƙasa. Ƙananan 'ya'yan da suka fara ƙulluwa sun yanƙwane, su ma ba su faɗo ba. In akwai laima a iska, zai ga ɗigon wani ruwa mai danƙo, fari-fari ko ruwan zuma, yana tsattsafowa daga ɓawo. Wannan ita ce cutar ƙuna, kuma wata ƙwayar bakteriya mai suna Erwinia amylovora ce ke haddasa ta. Babban sharrinta shi ne, ranar da manomi ya ga baƙin nan, an riga an ci shi da yaƙi tun mako ɗaya zuwa uku da suka wuce, a cikin fure, lokacin da gonar take kan ganiyar kyaunta.

A raba tun da wuri. Fiyar da ake magana a kanta ba ita ce mai maiƙo da ƙaton ƙwallo a ciki ba, wadda ake shafa wa burodi. Waccan babu ruwanta da wannan cuta. Ana nufin fiyar Turai, 'yar'uwar tuffa, mai siririn wuya da faɗin gindi, wadda ake gani jere da tuffa a kwali wajen masu kayan marmari. Ita da tuffa da safarjal (wani itace mai 'ya'ya masu tauri kama da fiya) da wasu itatuwan shinge da na ado dangi ɗaya ne, dangin furen wardi, kuma a cikin wannan dangi cutar take yawo. Mangwaro, gwaiba, lemo, dabino, duk ba ta taɓa su. Mutum ma ba ta yi masa komai. A cikin dangin kuwa fiya ce ta fi jin jiki. Babbar tuffa takan rasa rassa ta farfaɗo, amma ƙaramar bishiyar fiya tana iya mutuwa ɗungurungum a shekara guda.

Shekara ɗari ana zargin tsawa

An fara lura da cutar a 1780, a tuddan da ke gefen kogin Hudson a jihar Niyu Yok. Asalinta na can ne. Ƙwayar ta daɗe a jikin itatuwan dajin Arewacin Amurka, irin su tuffar daji da ƙayar Crataegus, waɗanda suka saba da ita. Sai Turawa 'yan kaka-gida suka zo da dashen fiya da tuffa daga ƙasashensu, itatuwan da kaf zuriyarsu ba su taɓa haɗuwa da wannan ƙwaya ba. Ta same su a buɗe.

Kusan shekara ɗari manoma suna ta hasashe. Wasu suka ce tsawa ce. Wasu suka ce zafin rana ne ke dafa ruwan jikin itacen bayan an yi ruwan sama. Wasu suka ce sanyin hunturu ne ke daskarar da ruwan ya koma guba, wasu kuma suka ɗora wa wani ƙwaro mai huda itace. Bai kamata a yi musu dariya ba. Cutar takan ɓarke ne bayan hadari mai iska da ƙanƙara, don haka wanda ya zargi tsawa ya ga wani abu na gaskiya, dalilin ne kawai ya kuɓuce masa.

Wanda ya fara kama bakin zaren shi ne Thomas Burrill, malamin ilimin tsirrai a jami'ar Ilinoi. Daga 1878 ya riƙa duba ruwan nan mai danƙo a madubin da ke nuna ƙananan halittu, ya ga cike yake da bakteriya. A 1880 ya ɗebi ruwan ya sa a jikin lafiyayyun itatuwa, suka kamu. A 1885 Joseph Arthur, a tashar binciken noma ta Geneva da ke jihar Niyu Yok, ya raini ƙwayar ita kaɗai a ɗakin gwaji, ya tabbatar da cewa ita ce mai laifin, ba wata guba da ke cikin ruwan ba. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa bakteriya na iya sa wa tsiro ciwo, a daidai zamanin da Robert Koch yake nuna irin haka game da cututtukan mutane da dabbobi a Jamus. Duk da haka wasu manyan masanan Turai ba su yarda ba. Alfred Fischer, wani masani Bajamushe, ya dage cewa bakteriya ba sa iya shiga lafiyayyen tsiro, suna bin ruɓar da wani abu ya fara ne kawai. Erwin Smith na ma'aikatar noman Amurka ya yi ta musayar zafafan rubuce-rubuce da shi har 1901, kuma shi gaskiya ta bai wa. A tsakani, a 1891, Merton Waite ya gano abin da manoma ba su so su ji ba: ƙudan zuma, waɗanda in babu su fiya ba ta 'ya'yan kirki, su ne ke ɗaukar cutar daga fure zuwa fure.

Kafin nan cutar ta riga ta sauya taswirar noman fiya a Amurka. Gabashin ƙasar, mai ɗumi da laima lokacin fure, ya gagari masu noman fiya mai daɗi, sai sana'ar ta koma busassun yankunan yamma. Can ma ta bi su. A farkon shekarun 1900 ta share mafi yawan gonakin fiya na kwarin San Joaquin a Kalifoniya cikin 'yan shekaru. Har yau kusan duk fiyar kasuwa ta Amurka daga jihohi uku take fitowa, Washington da Oregon da Kalifoniya.

Abin da ke faruwa a cikin fure

Nan ne ya kamata a tsaya, don duk wata dabara ta yaƙi da cutar daga nan ta samo asali.

Ƙwayar tana cin hunturu ne a gefen gyambon bara, wato wurin da ɓawon reshe ya mutu ya ɗan lotsa, a daidai iyakar mataccen nama da mai rai. Ba kowane gyambo ne ke rayar da ita ba, amma ƙalilan sun isa gona guda. Da ɗumi ya fara dawowa, sai gyambon ya fara zubar da ruwa mai danƙo da zaƙi-zaƙi, wanda ɗigo ɗaya nasa ke ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi. Ƙudaje da tururuwa su sauka a kai, su tashi su sauka a fure. Feshin ruwan sama da iska ma suna kai ta.

A tsakiyar furen akwai 'yan siraran tsinkaye masu danshi a kai, waɗanda ke karɓar garin fure don a samu ƙulli. A kan wannan danshi ƙwayar take sauka, kuma a wannan mataki ba ta cutar da komai. Zama kawai take yi tana hayayyafa. In da sanyi, hayayyafar ba ta taka kara ta karya ba. Da zarar zafi ya haura digiri 18 a ma'aunin Salsiyos sai ta fara sauri, in ya kai 25 zuwa 28 kuwa, cikin kwana biyu ko uku ƙwayoyi ƙalilan sukan zama miliyan a fure guda. Ƙudan zuma suna ta aikinsu, suna taɓa wannan fure su taɓa wancan. Amya ɗaya tana iya yaɗa ta a faɗin gona cikin 'yan kwanaki. Har zuwa nan, in ka zaga gonar ba za ka ga komai ba sai farin fure da ƙamshi.

Abin da ya rage shi ne ruwa. Yayyafi kaɗan, ko raɓa mai nauyi, ko ma ruwan feshin da manomi ya yi da hannunsa don wani ƙwaro, shi ke wanko ƙwayoyin daga kan tsinkayen zuwa ƙasan kofin furen, inda ƙananan ƙofofin da ke fitar da ruwan zaƙi suke. Ta waɗannan ƙofofi take shiga jikin itacen. Ke nan abu huɗu ne sai sun haɗu: buɗaɗɗen fure, ƙwayar a kusa, ɗumi na 'yan kwanaki, sannan jiƙa. In ɗaya ya ɓace, shekarar ta wuce lafiya. Shi ya sa gona takan yi shekara biyar ko shida ba a ga komai ba har manomi ya saki jiki, sannan shekara guda ta zo ta karɓi bashin duka.

Da ta shiga, makami biyu take aiki da su. Na farko wata 'yar allura ce da ƙwayar ke ginawa a jikinta, tana tsira wa ƙwayoyin halittar itacen wasu sinadarai da ke kashe musu garkuwa, su fashe, ta ci abin da ya zubo. Na biyu shi ne yauƙin da take lulluɓe kanta da shi. Yauƙin yana ɓoye ta, yana tsotsar ruwa ya kumbura ya tura ta gaba tsakanin nama, kuma yana toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Toshewar nan ce ke sa tofo ya yi yaushi ya lanƙwashe. Masu bincike sun gwada cire wa ƙwayar ikon yin yauƙin, ko ikon gina allurar, sai ta kasa haddasa cuta sam.

Daga fure ta gangara ƙaramin reshe, daga nan babban reshe, daga nan kututture. Tana gaba, baƙin yana binta a baya, wani lokaci da tazara mai yawa. In ta zagaye kututture, ko ta sauka gindin da aka yi wa itacen aure a kai, bishiyar ta tafi.

Bayan fure ya wuce akwai ƙofa ta biyu, wato rauni. Ƙanƙara, iska mai yaga ganye, ƙwari masu tsotsa, duk suna buɗe hanya a jikin sabon tofo mai taushi. A shekarar 2000, a kudu maso yammacin jihar Mishigan, ɗumi ya haɗu da lokacin fure, sannan hadari mai ƙanƙara ya biyo baya a watan Mayu. An rasa itatuwan tuffa wajen 400,000, aka ƙiyasta asarar a kan dala miliyan 42.

Akwai kuma hannun manomi a ciki, kuma wannan ne ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. Duk abin da ke sa itace ya yi tofo mai yawa da taushi, kamar zuba takin naitirojin fiye da kima, ko yawan ban-ruwa, ko datse rassa da yawa lokaci guda, abinci ne ga cutar. Noman zamani ya koma ga gajerun itatuwa a matse, dubbai a hekta guda, masu fara haihuwa tun suna shekara biyu ko uku. Riba ce babba, amma a irin wannan itace tazarar da ke tsakanin fure da kututture ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Tsohuwar bishiya mai tsayin gida tana iya rasa reshe goma ta rayu. 'Yar ƙaramar ba ta da reshen da za ta bayar.

Feshi kafin a ga ciwo

Tunda babu maganin da ke warkar da itacen da ƙwayar ta riga ta shiga jijiyarsa, feshi bayan an ga baƙi ihu ne bayan hari. Dole a tare ta tana kan fure. Saboda haka aka ƙirƙiro manhajojin hasashe, irin su Maryblyt daga jihar Maryland da Cougarblight daga jihar Washington. Ana ba su zafin kowace sa'a da hasashen ruwa, su kuma su ce wa manomi gobe akwai haɗari, yi feshi yau. Furen da ya buɗe bayan feshi ba shi da kariya, don haka a shekara mai ɗumi sai an maimaita.

Maganin da ya fi aiki shi ne sitireptomaisin, wanda aka fara fesawa a gonakin Amurka a shekarun 1950. Shi ne dai maganin da likitoci suka fara samun galaba da shi a kan tarin fuka. Ya yi aiki ƙwarai na wani lokaci, sai a 1971 aka samu ƙwayoyin da ba sa jin sa a Kalifoniya, daga baya a Washington da Oregon da Mishigan da Niyu Yok. Wasu sun samu juriyar ne ta sauyin halitta a jikinsu, wasu kuma sun aro ta daga wasu bakteriya da ke zaune a gonar. Aka koma ga okisitetirasaikilin, wanda ke hana ƙwayar hayayyafa amma ba ya kashe ta, sannan kasugamaisin da aka amince da shi a Amurka a 2014. A Isra'ila an yi amfani da wani maganin daban, shi ma ƙwayar ta saba da shi.

Turai ta ɗauki wata hanya. Tarayyar Turai ba ta yarda a riƙa fesa irin waɗannan magunguna a gona ba, don gudun kada ƙwayoyin cutar mutane su ma su saba da su, sai dai izini na musamman da wasu ƙasashe suka riƙa bayarwa a shekarun tsanani. Labarin Suwizalan ya nuna wuyar lamarin. Cutar ta shiga ƙasar a 1989, ta yi mummunar ɓarna a 2007, har gwamnati ta ba da izinin sitireptomaisin daga 2008 da tsauraran sharuɗɗa. Sai maganin ya fara bayyana a zuma, aka riƙa gwada zumar yankunan da aka yi feshi, wadda ta wuce ƙa'ida a saye a lalata. Daga 2016 aka daina ba da izinin. A ganina sun yi daidai, ko da yake maganin da ake fesa wa itatuwa ɗan kaɗan ne in an kwatanta da wanda ake ɗura wa kaji da shanu. Hujjar da ta fi ƙarfi ba ta asibiti ba ce, ta gonar ce kanta: maganin da aka dogara da shi shi kaɗai, ƙwayar za ta gama da shi, kuma kafin nan manomi ya manta da sauran dabarun.

Sauran dabarun kuwa babu wadda ta kai shi ƙarfi ita kaɗai. Akwai feshin sinadarin jan ƙarfe kafin fure ya buɗe, amma in an yi shi a makare yana ɓata fatar 'ya'yan, kasuwa ta ƙi su. Akwai wata dabara mai ban sha'awa, ta riga ƙwayar zama: ana fesa wa furen wani yis mai suna Aureobasidium pullulans, ko wasu bakteriya marasa cutarwa, su cika wurin kafin mai cutar ta iso. Masu noman da ba a sa masa sinadaran zamani a Amurka, waɗanda aka hana su sitireptomaisin da okisitetirasaikilin tun 2014, da irin wannan suke rayuwa. Akwai kuma maganin da ke rage saurin tofo don ya yi tauri da wuri, an fi amfani da shi a tuffa.

In duk wannan ya kuskure, sai wuƙa. Ana yanke reshen da ya kamu, ba a bakin baƙin ba, can ƙasa da shi da aƙalla santimita 30, cikin tsohon itace, saboda ƙwayar ta riga ta wuce inda ido ke gani. Ana yi a busasshiyar rana, ana tsoma almakashi da zarto a barasar asibiti ko ruwan bilic, a fitar da rassan daga gona a ƙone. Da hunturu kuma a sake zagayawa a cire kowane gyambo. Aiki ne mai cin ma'aikata, kuma mai garaje yana iya yaɗa cutar da almakashinsa fiye da yadda ƙudan zuma suka yi.

Yadda ta ƙetare teku

Ta bayyana a Niyu Zilan a 1919. A 1957 aka gan ta a gonakin fiya na Kent a Ingila, inda ta sami wani iri mai suna Laxton's Superb da ke sake yin fure a makare, cikin ɗumi, har sai da aka kawar da irin daga gonakin kasuwa. Daga tsakiyar shekarun 1960 ta shiga Holan da Folan da Danmak, sannan Jamus a 1971 da Faransa a 1972, tana bin shingayen ƙayar Crataegus da itatuwan adon lambu. A Faransa, fiyar hunturu mai suna Passe-Crassane, wadda a da ake ji da ita, ta nuna rauni sosai har aka hana sabon dashenta.

A Afirka, Masar ce ta fara gani, a farkon shekarun 1960 kusa da Iskandariyya. Cutar ta yi shiru kusan shekara ashirin, sannan daga 1982 ta afka wa gonakin fiyar Le Conte a yankin da Nilu ke shiga teku, aka tumɓuke gonaki masu yawa. Isra'ila da Turkiyya suka gan ta a 1985, Italiya a 1990. Maroko ta samu nata a 2006 a yankin Miknas, daga nan ta bazu zuwa tsaunukan da ake noman tuffa da fiya da safarjal, Aljeriya da Tunisiya suka biyo baya cikin 'yan shekaru. Koriya ta Kudu ta gano ta a 2015 a Anseong, ta ɗauki mataki mafi tsauri: a tumɓuke gonar, a haƙa rami a binne itatuwan, a biya manomi diyya, a hana shi sake dasa irinsu na wasu shekaru. Duk da haka a 2020 gonaki fiye da 700 suka kamu. Tumɓukewa tana da ma'ana ranar da cutar take gona ɗaya ko biyu. Bayan ta zauna a ƙasa, ci gaba da binne gonaki yakan zama hukunci a kan manomi fiye da a kan ƙwayar.

Nahiyar Kudancin Amurka, Ostireliya da Afirka ta Kudu har yanzu ba ta zauna a cikinsu ba. Wannan ya shafe mu ta hanya guda: yawancin fiyar Turai da tuffar da ke isowa kasuwanninmu daga Afirka ta Kudu suke, daga yankuna irin su Ceres da Elgin, kuma manyan irin fiyar da suke nomawa, Packham's Triumph da Forelle da Williams, duk masu rauni ne a gaban wannan cuta.

To me ke ɗaukar ta daga nahiya zuwa nahiya? Hanyar da aka fi tabbatarwa ita ce dashe da rassan aure, waɗanda ke iya ɗauke da ƙwayar a ciki alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Ɗaukar amya daga yanki zuwa yanki lokacin fure ma yana taimakawa. Amma abin da ƙasashe suka fi yin rigima a kai shi ne nunannun 'ya'ya a kwali. Ostireliya ta hana shigo da tuffar Niyu Zilan tun 1921. A 1997 aka ga cutar a lambun tsirrai na birnin Melbourne, kuma wani masani ɗan Niyu Zilan da ya zo ziyara ne ya gano ta, abin da ya ƙara wa rigimar gishiri. An kawar da itatuwan, ba a sake ganin ta ba. Niyu Zilan ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 2007, ta yi nasara a 2010, tuffarta ta shiga Ostireliya a 2011 bayan shekara 90. Kafin nan Amurka ta kayar da Japan a irin wannan shari'a a 2003, lokacin da Japan ke neman a bar tazarar mita 500 kewaye da kowace gona, a kuma duba ta sau uku a shekara. A duka biyun hukuncin ya tsaya a kan cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna nunanniyar tuffa marar alamar ciwo tana kai cutar gonar wata ƙasa. Tsoron manoman Ostireliya na gaske ne, musamman masu fiya a kwarin Goulburn. Sai dai tsoron ya zo daidai da abin da aljihunsu ke so, kuma irin wannan dacewa takan sa a daɗe ba a duba hujja ba.

Neman itacen da ba ya jin ta

Mafita mai ɗorewa ita ce irin da ke da juriya, kuma an fi shekara ɗari ana nema. Matsalar ita ce baki. Fiyar da duniya ta fi so, Williams, wadda Amurkawa ke kira Bartlett, tana cikin mafi rauni, haka Bosc da Comice. Masu juriya irin su Kieffer, wadda ta haɗa jini da fiyar Asiya, naman cikinsu da tsakuwa-tsakuwa, sun fi dacewa da gwangwani. An fitar da sababbi masu daɗi da juriya, kamar Harrow Sweet daga tashar bincike ta Harrow a Kanada, amma mai saye sunan da ya sani yake nema, manomi kuma ba zai dasa itacen da zai yi shekara talatin ko hamsin a gona ba sai ya tabbata da kasuwa.

A wannan nema ne aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Frank Reimer, mai bincike a kudancin Oregon, ya lura cewa wata fiyar daji ta ƙasar Sin, Pyrus calleryana, tana jure cutar. Ma'aikatar noman Amurka ta tura Frank Meyer, shahararren mai farautar tsirrai, ya tattaro irinta a lardin Hubei. Ya aiko da iri, shi kuwa bai dawo ba, ya rasu a kogin Yangtze a 1918. An so a yi amfani da itacen a matsayin gindin aure da kuma wajen haɗa sabon iri. Daga baya aka ga ɗaya daga cikin itatuwan yana da kyaun fure da siffa, aka sa masa suna Bradford, aka fitar da shi a farkon shekarun 1960 a matsayin itacen ado. Ya cika titunan Amurka. Shi kaɗai ba ya yin iri mai tsirowa, amma da aka kawo wasu 'yan'uwansa suka yi barbara, tsuntsaye suka watsa 'ya'yan, sai ga kurmi mai ƙaya yana cinye filaye da gefen hanyoyi. Jihar Ohio ta hana sayar da shi daga Janairun 2023, wasu jihohin suka bi sahu.

Aikin Reimer ya bar wani gado mai amfani. Ya samo itatuwa biyu masu juriya daga Ilinoi, Old Home da Farmingdale, kuma daga irin da aka ɗauka 'ya'yansu ne aka zaɓo gindin auren da gonakin fiya da yawa a Amurka ke tsaye a kai yau. A 2013 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa uban waɗannan gindin ba Farmingdale ba ne, Bartlett ne, wato irin da aka fi sani da rauni. Juriyar dai tana nan, daga uwa ta zo.

Inda hankalin masana ya fi karkata yanzu shi ne tsakiyar Asiya. Cutar ta shiga Kirgistan da Kazakistan wajen ƙarshen shekarun 2000, ta kuma bayyana a yankin Xinjiang na ƙasar Sin a tsakiyar shekarun 2010, inda ake noman fiyar Korla mai ƙamshi. Sin ita ke noma fiye da rabin fiyar duniya. A tsaunukan Tian Shan kuma akwai dazuzzukan Malus sieversii, tuffar dajin da tuffar gida ta samo asali daga gare ta, tare da wasu nau'o'in fiyar daji da suka rage kaɗan a duniya. Daga irin waɗannan itatuwa masu haɗa iri ke fatan samo juriya ga wannan cuta da wasunta. Gonakin ƙauyukan da ke gindin tsaunukan suna maƙwabtaka da dajin, ƙudan zuma na kai-komo tsakaninsu, kuma daji ba gona ba ne da za a bi shi bishiya-bishiya da feshi ko almakashi. Abin da hukumomin can ke iya yi shi ne sa ido kan dashen da ake shigowa da shi, tsabtace gonakin da ke bakin dajin, da tara iri da rassan itatuwan dajin a ajiye a wuraren adana tsirrai.